Tafin Hannu Shuɗi a Kan Rigar Juma'a

Ranakun aiki da yawa sun wuce ba su bar mini komai ba, amma ban taɓa mantawa da wata Juma'a ta watan Mayu ba, ita da Litinin ɗin da ta biyo bayanta. Abin ya faru ne shekara biyu da rabi bayan guguwar nan da ta cika ramukan da jirgin ƙasa ke bi ta ƙarƙashin birnin nan da ruwa. Ina rubuta shi ne domin ku da kuka shigo wannan aiki bayanmu, musamman waɗanda za a damƙa wa makullin ɗakin shara.

Sunana Sabi'u, mutumin Funtua. A lokacin ina shekarata ta shida a wani ƙaramin kamfanin haɗa sinadarai da ke kudancin Bronx, wani yanki na birnin nan, kusa da kogi. Ba ma yin magani, amma muna haɗa abubuwan da masu binciken magani suke saya su ci gaba da nasu aikin. Mu goma sha huɗu ne. Akwai manaja, Mista Ramos, wanda kuma shi ne mai kula da tsaron lafiyar ma'aikata. Ƙarƙashinsa akwai masana sinadarai huɗu, sai mu mataimaka. Aikina shi ne wanke kwalabe da tulunan gilashi, ɗauko kaya daga sito, da kwashe ruwan da ya rage bayan an gama haɗi.

Wadda na fi yi wa aiki ita ce Dakta Rifkatu, 'yar Kagoro. Ita kaɗai ce mai jin Hausa a cikin masanan. Tana kirana Baba, ina kiranta Dakta. Babban aikinta a shekarar nan shi ne wani haɗi da ake yi da abubuwa biyu. Na farko wani farin gishiri ne mai suna potassium iodide, wanda in ka gan shi a kwano ba za ka bambanta shi da gishirin miya ba. Na biyu kuma phosphoric acid ne, ruwa mai kauri, yana zuba a hankali kamar zuma, ba shi da launi. In aka haɗa su aka ɗumama tare da wani sinadari na uku, sai aidin ɗin da ke cikin gishirin ya bar shi ya koma jikin na ukun. Aidin dai da kuka sani, ɗan'uwan wanda ake shafa wa rauni. Abin da ya fito shi ake tacewa a sayar.

Na taɓa tambayarta me ya sa sai wannan asid ɗin, ga shi muna da wanda ya fi shi ƙarfi, irin na batirin mota, jarka-jarka a sito.

Ta ce, "Baba, wancan mafaɗaci ne. Kana zuba shi a kan gishirin nan zai kori aidin ɗin gaba ɗaya ya tashi sama, hayaƙi shunayya, ka yi asarar kaya ka cika ɗaki da guba. Wannan kuwa mai haƙuri ne irinka, yana aikinsa ba hayaniya."

Amma ko mai haƙurin, ruwan da yake bari a baya ba abin wasa ba ne. In ya daɗe a ajiye iska na taɓa shi, yana yin ja-ja kamar shayi, yana sakin tururin aidin kaɗan-kaɗan, wanda ido ba ya gani. Shi ya sa muke zuba shi a manyan jarkoki mu kai ɗakin shara, har masu kwashewa su zo. Murfin jarkokin yana da 'yar kafa da gangan, don kada iska ta taru ta kumbura su. A saman ɗakin akwai raga, bayanta akwai bututu da ya hau har rufin gini, inda wata babbar fanka take zuƙe iskar dare da rana. A ƙasan ƙofar ɗakin akwai tsage-tsage, domin iska mai kyau ta riƙa shiga. Muddin fanka na ja, iska shiga take yi, ba ta fitowa.

Kowace safiya aikina ne in buɗe ɗakin, in duba jarkoki, in tabbatar fanka na aiki, in sa alama a fom ɗin da ke rataye a bango. Wanda ya koya mini aikin, wani dattijo da ya yi ritaya, cewa ya yi da ni, "In ka ji ƙararta, sa alama." Haka na yi shekara shida.

Yanzu sai in faɗi laifina na farko. Doka ce ba a ajiye kayan mutum a ɗakin shara, ko hula. Amma akwatunan ajiyar kayanmu ƙanana ne, dole sai ka ninke riga, kuma nawa yana maƙwabtaka da na Fuseini direbanmu, mutumin Zangon Kumasi, wanda yake ajiye takalman aikinsa da kwanon abincinsa wuri guda. Ni kuwa ranar Juma'a matata Hajara tana sa wa farar shaddata sitaci, ta goge ta har tana tsayuwa da kanta. Ba na son in ninke ta. A bayan ƙofar ɗakin shara akwai ƙugiya a sama, kuma ni kaɗai ke shiga. Sai na riƙa rataye ta a can tun safe, in ɗauka in lokacin masallaci ya yi. Na sani sarai haramun ne a dokar wurin. Kuma ina da takardar gargaɗi ɗaya a fayil ɗina, domin shekarar da ta wuce an kama ni da filas ɗin shayi a ɗakin gwaji. Ranar Mista Ramos ya ce mini, ba da fushi ba, gargaɗi na biyu a kan tsaro shi ne ƙofa.

A wannan lokacin Dakta tana da ciki wata shida, bayan shekara takwas da aure ba haihuwa. Tun da ta sanar, Mista Ramos ya hana ta tsayawa a kan haɗi. Wani ne yake yi, ita tana duba takardu. Aka kawo mata tebur a wani ɗan lungu mai shiru, nesa da ɗakin gwaji, don a kare ta. Lungun nan kuwa taku huɗu ne tsakaninsa da ƙofar ɗakin shara.

Ranar Juma'ar, na makara. Na ɗauko rigar da sauri, na shiga banɗaki na yi alwala, na tarar takardar goge hannu ta ƙare. Na zura rigar hannuwana na ɗigar ruwa, na shafa ƙirjina don ta kwanta. Da na ɗaga kai na kalli madubi, sai na ga hannuna a jikin rigar. Yatsu biyar da tafi, shuɗi mai duhu, yana ƙara duhu ina kallo. Bakin hannun rigar ma haka, duk inda ruwa ya taɓa. Na duba tafina, babu komai, fes.

Na ɗora jaket a kai, ga zafi, na ja zif har wuya. A motar kamfani da Fuseini yake kai mu masallaci a unguwar Morris Heights, ya dube ni ya yi dariya. Massa yake kirana, wato maigida, da irin Hausarsu ta Zango.

"Massa, yau sanyin Funtua ya biyo ka? Kowa na gumi kai kana jaket."

Na buɗe masa ya gani.

Ya ce, "Kai! Wa ya mare ka a ƙirji? Ko madam ne ya sa hatimi, kada matan Bronx su ɗauka ba ka da mai shi?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na yi salla da jaket.

Da yamma na koma gida a titin Grand Concourse, na miƙa wa Hajara rigar. Na ce mata bula ta yi yawa.

Ta ce, "Bula? Malam, yaushe rabon da ka ga bula a gidan nan? Tun da muka zo ƙasar nan ban sa ta a idona ba. Biro ɗinka na makarantar yamma dai ya fashe, kake neman wanda za ka ɗora wa."

Na ce ba na sa biro a wannan rigar.

Ta kai rigar hancinta, ta daɗe. Ta ce, "Wannan warin asibiti ne. Kamar abin da ake shafa wa yaro in ya faɗi ya kurje gwiwa." Ta juya wuyan rigar ta nuna mini. "Ai ba yau ya fara ba. Wuya da hammata kullum sai na ga duhu-duhu, in na sa ruwan zafi ya fita. Na ɗauka guminka ne ya canza, har ina cewa zan yi maka maganar ganin likita."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ƙirga da yatsunta. "Ranar sunan ɗan maƙwabciyarmu Maimuna ta hawa na uku, da ka dawo daga aiki ka wuce wurin walima da ita, fes take, don ni na karɓe ta da hannuna. Juma'ar da ta biyo baya ce na fara gani."

Na lissafa a raina. Sunan nan ya yi mako biyar.

Na tuna wani gwaji da na sha ganin Dakta tana yi. In tana son ta san ko akwai aidin a cikin ruwa, sai ta ɗiga ruwan sitaci. In akwai shi, ko kaɗan ne, nan take ruwan zai koma shuɗi mai duhu. Ni nake wanke kofunan bayan ta gama. Wannan launin ne a ƙirjina. Rigata ta sha sitaci, ta yini a ɗakin shara, ta sha tururi, ruwan alwala ya tona. Ke nan iskar ɗakin ba ta fita ta sama. In kuwa ba ta fita ta sama, ta ƙasan ƙofa take fita.

Sai kuma na tuna tarin Dakta. Kusan wata guda tana gyaran murya, idonta na ruwa. Tana zaune ne a St. George, wata unguwa a kan tsibiri, kullum sai ta hau jirgin ruwa kafin ta hau na ƙasa, sai take cewa iskar teku ce da furen bishiyoyi na bazara. Na kuma san abin da ta taɓa gaya mini, cewa aidin in ya yi yawa a jiki yana taɓa wata ƙwaya a maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, kuma ɗan da ke ciki ya fi uwarsa rauni a wannan wurin.

Asabar da Lahadi kamfani a rufe yake, ba wanda zai shaƙi komai. Da wannan na riƙa lallashin kaina. Ina da lambarta a waya. Na buɗe ta ya fi sau goma, na rufe. Ina cewa bari in tabbatar tukuna, kada in tayar wa mai ciki hankali a banza. Abinci bai shiga ba. Hajara ta tambaye ni, na gaya mata duka. Ba ta ce in yi kaza ko kada in yi ba. Ta dai yanko ƙyalle daga wani tsohon zanen gado, ta sa masa sitaci, ta goge, ta sa mini a aljihun jaka.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai saura na isa. Na buɗe ɗakin shara. Fanka na ƙara kamar kullum, wannan gurnanin da na saba ji ta cikin bututu. Na jiƙa ƙyallen na rataya a ƙugiya. Kafin ya nuna wani abu, idona ya faɗa kan fom ɗin bango. A ƙasansa akwai ƙananan rubutu layi uku. Lokacin da na fara aiki ban iya karatun boko ba, abin da aka nuna mini shi nake yi. Daga baya na shiga ajin manya, har na kai ina karanta wasiƙun makarantar 'ya'yana da kaina, amma ban taɓa komawa kan wannan fom ɗin ba, don a ganina na riga na san shi. Ranar na karanta a hankali. Cewa aka yi a ɗauki siririyar takarda a kai bakin raga. In ragar ta riƙe ta, a sa alama. In ta faɗo, a rufe ɗakin a kira manaja. Babu maganar ƙara ko kaɗan.

Na yagi takarda, na hau kujera, na kai ta bakin raga, na saki. Ta sauko a hankali ta kwanta a ƙasa. Na sake, ta sake faɗowa. Na juya na ga gefen ƙyallen ya fara yin duhu.

Na fito na rufe ƙofar, na toshe tsage-tsagen ƙasanta da tef, na buɗe tagar lungun. A wurin ajiye motoci na sami Fuseini yana duba taya. Na gaya masa komai, har da makonni biyar ɗin.

Ya goge hannunsa ya ce, "Massa, saurara. Wannan abu ba shi da wuya. Ka je ka ce ma Ramos yau ka gwada, fanka ba ya ja. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba?"

Na ce gaskiya ne.

"To. Za su gyara yau-yau. Dakta ba zai ƙara shaƙa ba. Wa ya tambaye ka riga? Wa ya tambaye ka sati biyar? Kai kana da yara uku a makaranta. Shekarunka hamsin da biyu, wa zai ɗauke ka in sun rubuta ka karya dokar tsaro? Sai dai ka zo mu tuƙa tasi, kuma kai ko hanyar unguwar Queens ba ka sani ba."

Ba mugu ba ne Fuseini. Maganarsa ta shige ni, domin babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Kuma haka na yi. Ƙarfe bakwai da rabi Mista Ramos ya iso, na ce masa na gwada ragar da takarda yau, ba ta ja. Ya zo ya gwada da kansa, ya kira mai gyara, ya sa aka manna takardar hana shiga. Ya dafa kafaɗata ya ce aikina ya yi kyau. Ban taɓa jin yabo mai nauyi irin wannan ba.

Mai gyara ya hau rufi ya sauko da fambel a hannu, wato robar da ke haɗa inji da fanka, ya tsinke. Injin na juyawa, shi ne ƙarar da nake ji, amma ba ya juya fankar. Ina tsaye Mista Ramos ya tambaye shi ko zai iya sanin yaushe ya tsinke. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce ko jiya, ko watan jiya, ba mai iya faɗa. Mista Ramos ya juyo ya dubi fom ɗin, ya ga alamata har ta ranar Juma'a, ya ce to a ƙarshen mako ne ke nan, Allah ya taimake mu ba kowa a ginin. Ya rubuta haka a rahotonsa ina kallo.

Ƙarfe tara Dakta ta shigo, tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Aka gaya mata. Ta leƙo wurin wanke-wanke ta ce, "Baba, an ce kai ne gwarzon yau. Sannu da ƙoƙari. Da yaron nan namiji ne da na ce a sa masa Sabi'u, sai dai surukata za ta suma."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta tafi teburinta.

Daga ƙarfe tara zuwa ɗaya na wanke tulun gilashi guda ɗaya sau uku. Daga inda nake ina jin ta. Duk gyaran muryar da ta yi a kunnena. Ina gaya wa kaina an gyara, iska ta koma daidai, abin da ya wuce ya wuce. Sai wata zuciyar ta ce, abin da ya shiga jikinta fa? Likitarta ba za ta nemi abin da ba a gaya mata ba. A takarda, Dakta ba ta shaƙi komai ba ko na minti ɗaya, kuma alamata ce ta tabbatar da hakan. A duk ginin nan, mutum ɗaya ne ya san mako biyar ne, kuma hujjarsa riga ce da bai kamata ta shiga ɗakin ba.

Na yi sallar azahar a sito, ban san abin da na karanta ba. Da na sallame na wuce kai tsaye teburinta. Tana cin ayaba da gyaɗa.

Na ce, "Dakta, ina da magana, kuma ba mai daɗi ba ce."

Na ajiye mata ƙyallen a gabanta, cikin leda. Na gaya mata rigar, da ƙugiyar, da alwalar, da abin da Hajara ta gani, da sunan ɗan Maimuna. Na gaya mata shekara shida da kunne nake duba fanka. Ba ta katse ni ba. Ta ajiye ayabar. Ta ɗaga ledar ta duba a hasken taga, hannunta ɗaya ya koma kan cikinta.

Ta ce, "Mako nawa ka ce?"

"Biyar. Ko da 'yan kwanaki."

"Yaushe ka sani?"

"Na yi zato tun Juma'a da yamma. Na tabbatar yau da safe."

"Da safe." Ta dubi agogon bango. "Na zo na tsaya a gabanka ina yi maka wasa."

Ta ɗauki waya ta kira asibitin da take awo, muryarta ba ta rawa, ta yi musu bayani da Turanci, ta faɗi sunan sinadarin da tsawon lokacin. Suka ce ta zo yanzu. Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ramos kuma kai za ka gaya masa, ba ni ba."

Na same shi a ofis. Ya saurare ni har ƙarshe, fuskarsa ta yi ja. Ya yi mini tambayoyi uku kawai: ranar sunan, ko akwai wanda ya ga rigar, da kuma dalilin da ya sa ban faɗa da safe ba. Na ukun na ce masa tsoro. Ya ciro rahoton da ya rubuta, ya ja layi a kan rabinsa. Ya karɓi makullin ɗakin shara da katin shigata, ya ce in zauna a gida har a gama bincike.

Kwana tara na yi a gida. Ban saba zama ba. Ina raka ƙaramar 'yata makaranta, in dawo in zauna a bencin bakin titi ina kallon motoci, waya a hannu. Ba kiran kamfani nake jira ba, Allah ya sani. Na aika wa Dakta saƙo sau biyu, ta gani ba ta amsa ba. Fuseini ne yake kawo mini labari. Ya ce an kawo wasu mutane daga waje da na'urar auna iska, an tura duk masu zama kusa da lungun gwajin jini. Ya ce, "Massa, kai dai ka iya jawo ma kanka." Amma kullum sai ya kira.

A kwana na shida mijinta, Malam Yohanna, ya kira ni. Ban taɓa magana da shi ba sai gaisuwa. Ya ce gwajin ya nuna ƙwayar maƙogwaronta ta ɗan ja baya da aiki, ba sosai ba. An ɗora ta a kan magani, za a riƙa auna ta da abin da ke cikinta a kai a kai har ta haihu. Ya ce likitar ta gaya musu wannan ba ya cikin abin da take shirin dubawa a awon da ya rage, da ba a faɗa ba. Na tambaye shi yaron fa. Ya ce, "Sai an haife shi za a sani tabbas, Baba. Ka sa mu a addu'a."

A kwana na tara aka kira ni. Na tafi da jaka babu komai a ciki, don in kwaso kayana. Mista Ramos ya shimfiɗa fom ɗin makonni shida a tebur. Ya nuna mini kwana biyu a tsakiyar Afrilu da na kai Hajara asibitin haƙori. Alamar da ke wurin ba tawa ba ce, tasa ce. Ya ce shi ma ƙofa ya buɗe, ya ji ƙara, ya sa alama, kuma shi ne ya rubuta layukan nan uku da hannunsa shekara goma da suka wuce. Ya ce ya gaya wa masu kamfanin in za a kori wani a kan fom, to mutum biyu ne. A kan rigar kuwa ba shi da abin da zai kare ni da shi. Aka rubuta mini gargaɗi na ƙarshe, aka karɓe ɗakin shara daga hannuna na shekara guda, aka mayar da ni wanke-wanke kaɗai. Aka sa wa fankar na'ura mai ihu in iska ta tsaya.

Dakta ba ta dawo aiki ba sai bayan haihuwa. A watan Agusta ta haifi mace. Aka ɗebi jini a diddigen jaririyar, aka sake bayan mako biyu, aka sake bayan wata uku. Duka lafiya. Ranar da Malam Yohanna ya aiko da saƙon na ukun, ina tsakiyar wanke kwalabe, na zauna a kan bokiti na daɗe ban tashi ba.

Da ta dawo a watan Disamba, mun yi kusan mako biyu daga ina kwana sai sai gobe. Wata rana ta kawo tulun gilashi da kanta wurin wanke-wanke, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya tana kallona ina aiki.

Ta ce, "Baba, rigar ban riƙe ka da ita ba. Fom ɗin ma haka, kowa ya yi. Asabar da Lahadi, na ce wataƙila ba ka tabbatar ba. Amma daga tara zuwa ɗaya, ka sani, kana jin ina tari. Wannan har yanzu ina ƙoƙari."

Na ce, "Ni ma, Dakta."

Ta gyaɗa kai. Ta ciro waya ta nuna mini hoton yarinyar, ta ce ta fara juyawa da kanta, kuma ba ta barin kowa ya yi barci.

Mun ci gaba da aiki tare shekara huɗu bayan haka, lafiya lau, kuma ba mu sake ɗaga maganar ba.

Abin da na koya shi ne wannan. A aikinmu, abin da zai cuce ka sau da yawa ba ya hayaƙi, ba ya wari sosai, kuma injin da ya kamata ya kare ka yana iya yin ƙara alhali ba ya aiki. Wannan kowa zai koya muku a makon farko. Abin da ba a rubuta a bango ba shi ne, in abu ya lalace, tambaya biyu ce: me ya lalace, da kuma tun yaushe. Ta farko mai sauƙi ce, har yabo ake samu a kanta, domin inji kawai take gyarawa. Ta biyun ita ce ta mutanen da suka zauna a wurin suna numfashi, kuma kusan kullum wanda ya san amsarta shi ne wanda amsar za ta kama. Ranar da kuka tsinci kanku a nan, ku faɗi biyun tare, a numfashi ɗaya, kafin wani ya dafa kafaɗarku. Ni na raba su da fiye da awa biyar, huɗu daga ciki Dakta na zaune ina jin tarinta, kuma duk abin da aka yafe mini a wannan aiki, su ne ban iya yafe wa kaina ba.